Kafin Ka Je Neman Fir'auna: Yadda Ake Shirya Ziyarar Gidajen Tarihin Masar



Duk shekara, cikin waɗanda suka kammala madarasa a nan Nijar, akan samu waɗanda Allah ya ba rabon zuwa karatu Azhar a birnin Alƙahira. Ban da ɗalibai, akwai iyayenmu ƴan kasuwa, akwai kuma masu kai marar lafiya asibiti. Kusan duk wanda ya taka ƙasar Masar, in ya dawo gida, tambayar da ake tarbarsa da ita ita ce: "To, ka ga Fir'auna?"

Yayana ya faɗa wannan tarkon a shekararsa ta farko can. Ya yi ta tara ƴan canjinsa, ranar da ba su da darasi ya yi sammako ya nufi dandalin Tahrir. Ya biya kuɗin shiga tsohon gidan tarihin nan mai launin ja-ja, ya hau sama ya sauko ƙasa har ƙafafunsa suka yi tsami. Da ya gaji sai ya tambayi wani mai gadi ina aka ajiye gawawwakin sarakuna. Mutumin ya yi dariya, ya ce ai Fir'auna ya yi ƙaura, yanzu yana wata unguwa daban. Kuɗi sun tafi, yini ya tafi, abin da ya fito nema bai gani ba. Shi da bakinsa ya ce laifinsa ne, don bai tambayi kowa ba kafin ya fita.

Shi ya sa na ga ya dace a littafinmu na bana in tattara abin da na ji daga bakinsa da abin da na karanta, ko wani cikinmu zai amfana. Maganar a taƙaice ita ce: yau "gidan tarihin Masar" ba gida ɗaya ba ne, manya uku ne, kowanne da unguwarsa da kayansa. Sai ka san abin da kake so ka gani, sannan ka san ƙofar da za ka nufa.

Gida na farko: tsohon gidan Tahrir

Wannan shi ne uban sauran. Yana tsakiyar birni, a bakin dandalin Tahrir, kuma an buɗe shi a shekarar 1902. Kafin a gina shi, wani Bafaranshe mai suna Ogust Mariyet ne ya fara tara kayan a unguwar Bulaƙ, bakin kogin Nilu. A 1878 ruwa ya yi ambaliya ya yi ɓarna a wurin, daga baya aka kwashe kayan zuwa Giza, sannan aka kawo su Tahrir. Kabarin Mariyet ɗin ma yana nan cikin lambun gidan.

Ginin hawa biyu ne. A ƙasa aka jera manyan kayan dutse bisa tsarin zamani, daga mafi tsufa zuwa na baya-baya. A sama kuma ƙananan kaya ne: akwatunan gawa, kayan ado, takardu, kayan aikin gida. Ko da an kwashe wasu sanannun kaya zuwa sababbin gidaje, abin da ya rage ya fi ƙarfin yini guda. Ga waɗanda bai kamata su wuce ka ba.

Na farko, allon Narmar. Wani faifan dutse ne wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, amma ya haura shekara dubu biyar a duniya. A jikinsa an zana sarki Narmar, a fuska ɗaya da hular sarautar kudancin Masar, a ɗayar da ta arewaci. Masana na ɗaukarsa alamar haɗewar ƙasar ƙarƙashin sarki ɗaya.

Na biyu, siffar sarki Hufu, wanda ya gina babbar dalar Giza. Abin mamaki, mutumin da ya gina dala mai tsawon kusan mita 146, cikakkiyar siffarsa da aka samu ƴar mitsitsiya ce ta hauren giwa, santimita bakwai da rabi, kamar tsawon ɗan yatsa. In ba ka lura ba sai ka wuce ta.

Na uku, wani mutum-mutumin katako na wani malamin fada mai suna Ka'afar, mai ƙiba da sanda a hannu. Da ma'aikata suka tono shi a Saƙƙara sai suka ga yana kama da mai garinsu, suka sa masa suna Shaihul Balad. Har yau da wannan sunan aka fi saninsa.

Na huɗu, magatakarda a zaune, ya tanƙwashe ƙafa, takarda a kan cinya. Wallahi in ka gan shi sai ka tuna zaman da muke yi da allo. Alƙalaminsu na kara ne, tawadarsu baƙa kuwa da baƙin hayaƙi da ƙaro suke haɗa ta, kusan yadda ake yi a makarantun allo. In ka samu takardar kuɗin Masar ta fam 200, duba bayanta, shi ne a jiki.

Na biyar, dukiyar Tanis: akwatin gawa na azurfa da rufin fuska na zinariya na sarki Basusanis na Farko. An gano su tsakanin 1939 da 1940, daidai lokacin da yaƙin duniya na biyu ya ɗauke hankalin mutane, shi ya sa ba su yi suna kamar yadda suka cancanta ba.

Gida na biyu: inda gawawwakin suke

Wanda yake neman Fir'auna, to nan zai nufa. Sunansa Gidan Tarihin Wayewar Masar, yana unguwar Fusɗaɗ, kudu da tsakiyar birni, a bakin tafkin Ainus Sira. Ranar 3 ga Afirilu 2021 aka ɗauko gawawwaki 22 daga Tahrir, sarakuna maza 18 da mata 4, kowacce a motarta, aka kawo su nan cikin babban biki da aka nuna a talabijin. Ƙaurar da mai gadi ya gaya wa yayana kenan.

Ɗakin gawawwakin yana ƙarƙashin ƙasa, da duhu-duhu, an yi shi kamar kana shiga kabarin sarakuna. Ba a ɗaukar hoto a ciki, ba a hayaniya. A nan za ka ga Ramsis na Biyu, wanda ya yi shekara 66 a kan mulki, da gashinsa da ƙugiyar hancinsa. Za ka ga mahaifinsa Siti na Farko, da ɗansa Marnabta, da sarauniya Hatshafsut, da Tuhutmus na Uku. Akwai Saƙnan Ra, wanda raunukan makami suke nan a kansa har yau.

Ta yaya gawa ta kai shekara dubu uku ba ta ruɓe ba? Sirrin abu ne da ke cikin kowane madafi a ƙasarmu: kanwa. Masu aikin sukan cire ƙwaƙwalwa ta hanci, su fitar da hanta da huhu da tumbi da hanji su zuba a tuluna huɗu, su bar zuciya a wurinta. Sai su binne jikin cikin kanwa kamar kwana arba'in har ta tsotse ruwan jikin kaf. Daga nan a shafa mai da ƙaro, a naɗe da ƙyallen lilin. Aikin gaba ɗaya kwana saba'in yake ci. Kwarin da suke haƙo kanwar har yanzu sunansa Wadin Naɗrun.

Gidan nan ba na Fir'aunoni kaɗai ba ne. Babban zauren da ke sama yana bin tarihin ƙasar tun zamanin da ake aiki da dutse, ya bi ta zamanin Girkawa da Rumawa da Kibɗawa, har zuwa zamanin Musulunci da na yau. Kuma unguwar kanta tarihi ce, domin Fusɗaɗ shi ne garin da sahabi Amru ɗan Asi ya kafa bayan buɗe Masar, masallacinsa da aka gina wajen shekara ta 21 bayan Hijira yana nan ba nisa. Mai dabara sai ya shiga gidan tarihi da safe, ya yi azahar a masallacin.

Gida na uku: sabon babban gida a Giza

Wannan shi ne auta, kuma shi ne mafi girma. Yana da nisan kamar kilomita biyu daga dalolin Giza. An aza tubalinsa tun 2002, ya ci kuɗi fiye da dalar Amurka biliyan ɗaya, da rance daga ƙasar Japan, sai ranar 1 ga Nuwamba 2025 aka yi bikin buɗe shi baki ɗaya.

Kana shiga za ka yi arba da siffar Ramsis na Biyu ta jan dutse, tsawonta mita 11, nauyinta tan 83. Ta yi shekara hamsin tsaye a gaban tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira kafin a ɗauke ta a 2006 saboda hayaƙin motoci da girgizar hanya. Bayan ta akwai wata doguwar matakala da aka jera wa siffofin sarakuna da ginshiƙai, in ka kai ƙarshenta sai ka hango dalolin ta gilashi.

Amma abin da ke jan jama'a shi ne kayan Tutankamun. Yaro ne da ya hau sarauta yana da kamar shekara tara, ya mutu bai kai ashirin ba. A zamaninsa ba wani babban sarki ba ne. Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ɓarayi ba su kwashe kabarinsa ba kamar yadda suka yi wa na sauran. Wani Bature ɗan Ingila, Hawad Kata, ya gano ƙofar kabarin ranar 4 ga Nuwamba 1922 a Kwarin Sarakuna kusa da Luksor, kuma sai da ya shafe kusan shekara goma yana fitar da kayan. Sun haura guda dubu biyar: rufin fuska na zinariya mai nauyin kilo goma, akwatin gawa na zinariya tsantsa mai kilo 110, karagar mulki, gadaje, kekunan doki shida, takalma, sanduna, har da guzurin abinci. Akwai wata wuƙa da bincike ya nuna ƙarfenta daga dutsen da ya faɗo daga sama ne. Da can wasu ne kawai ake nunawa a Tahrir, yanzu an haɗa su wuri guda a nan. Gawar yaron kuwa ba ta Alƙahira, tana cikin kabarinsa a Luksor.

A nan kuma aka ajiye jirgin ruwan sarki Hufu, na katako, tsawonsa ya haura mita 43. An same shi a 1954 cikin wani rami a gindin babbar dala, a wargaje, aka sake haɗa shi.

Mu ɗan yi lissafi. In ka ba kowane kaya na Tutankamun minti ɗaya tak, kana bukatar awa 83, wato fiye da kwana uku ba barci ba cin abinci. Ka ga kenan wanda ya ce zai ga komai, ba abin da zai gani. Kuma kar ka ce za ka haɗa Giza da Tahrir a yini ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa.

Abu biyu ne kar ka wahalar da kanka nemansu a Masar. Dutsen Rashid, wanda ta dalilinsa Bafaranshe Shamfoliyon ya warware rubutun mutanen da a 1822, yana birnin Landan. Sanannen kan sarauniya Nafartiti kuma yana Balin a Jamus.

To, wane ne Fir'aunan Annabi Musa?

Na san wannan ita ce tambayar da ke ran kowa, don haka gara mu yi ta tun a gida. Da farko, Fir'auna ba sunan yanka ba ne, laƙabin sarauta ne. Asalin kalmar a harshensu tana nufin "babban gida", wato fada, daga baya ta koma kan mai fadar. Sarakunan da suka mulki ƙasar suna da yawan gaske, an kasa su gidajen sarauta talatin. Alƙur'ani bai faɗi sunan wanda ya yi zamani da Annabi Musa (A.S.) ba. Waɗanda suka yi bincike, wasu sun karkata ga Ramsis na Biyu, wasu ga ɗansa Marnabta. Wani likita Bafaranshe, Moris Bukay, ya yi fice wajen goyon bayan ra'ayi na biyu. A gidan Tahrir akwai wani babban allon dutse na Marnabta, wanda aka gano a 1896, a jikinsa aka samu ambaton Isra'ila mafi tsufa a rubutun Masar. Duk da haka, a ɗakin gawawwaki ba za ka ga an rubuta "wannan ne na Annabi Musa" a jikin kowa ba. Sunan sarki da zamaninsa kawai ake sawa.

Na biyu, mu yi hattara da hotunan da ake turawa a WhatsApp. Akwai wani na gawa a dunƙule cikin rairayi, ana cewa Fir'auna ne aka tsamo daga teku yana sujada. Wannan gawar tana gidan tarihi na Landan, ta wani mutum ce da aka binne a wani wuri mai suna Jabalain tun kafin a fara sarautar Fir'aunoni, zafin rairayi ne ya busar da ita. Gawawwakin sarakunan kuwa a yammacin Luksor aka same su, a maɓoya biyu: ɗaya a Dairul Bahri a 1881, inda Ramsis yake, ɗaya a cikin kabarin Amanhutab na Biyu a 1898, inda Marnabta yake. Malaman addininsu na da ne suka tattara su suka ɓoye saboda ɓarayin kabari.

Ɗalibin ilimi ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. In ka dawo aka tambaye ka, ka ce ka ga Ramsis, ka ga Marnabta, ka kuma faɗi saɓanin da ke akwai. Darasin dai bai canza ba: mutanen da aka yi wa sujada, ga su kwance cikin gilashi, yara ƴan lakwal suna wucewa ta kansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Karatun da za ka yi kafin ka fita

Wanda ya shiga gidajen nan ba tare da sanin jerin zamunna ba, duwatsu kawai zai gani. Rubuta waɗannan a kayenka, duk shekarun kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ne, kuma ƙiyasi ne.

Wajen 3100 aka haɗe kudu da arewa. Tsohuwar Daula, daga wajen 2700 zuwa 2200, ita ce zamanin manyan daloli, su Hufu. Daular Tsakiya ta fara wajen 2050. Sabuwar Daula, daga wajen 1550 zuwa 1070, ita ce ta su Hatshafsut da Tutankamun da Ramsis, kuma su ba daloli suka gina ba, kaburbura suka haƙa cikin dutse. Daga baya sarakunan Kush, daga ƙasar da take Sudan a yau, sun mulki Masar a matsayin gidan sarauta na 25, sanannensu shi ne Taharƙa. A 332 Iskandar na Girka ya ci ƙasar. A shekara ta 30 sarauniya Kiliyobatra ta mutu, Rumawa suka karɓa.

Don ka gane tsawon abin: tazarar da ke tsakanin Kiliyobatra da mu ta fi gajarta a kan wadda ke tsakaninta da ginin babbar dala. Ramsis kansa, dalolin Giza sun fi shekara dubu a tsaye kafin a haife shi.

Wata ƴar dabara: in ka ga rubutun zane-zane an kewaye shi da zobe mai tsawo kamar ƙwai, to sunan sarki ne a ciki. Ka koyi siffar sunan Ramsis tun a gida, za ka yi ta gane shi a wurare da yawa, ka ji daɗi.

Takardu, kuɗi da lokaci

Mai tasowa daga gida yana bukatar fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da biza daga ofishin jakadancin Masar a Yamai, da katin rigakafin shawara. Ranar ziyara ka riƙe fasfo ko kwafinsa a jikinka.

Kuɗin shiga kashi-kashi ne: na ƴan ƙasa daban, na baƙi daban, kuma na baƙi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ɗalibi mai katin makaranta da bai ƙare aiki ba yakan biya rabi, saboda haka kar ka bar katinka a ɗaki. Farashi yana canzawa, sai ka duba shafin gidan na intanet kafin ranar. Abu mai muhimmanci: yawancin wuraren tarihi a Masar yanzu ba sa karɓar kuɗi a hannu, sai da katin banki. In ba ka da shi, ka tafi da wanda yake da shi, ko a saya maka tikiti ta intanet. Na Giza musamman, gara ka saya tun kafin ranar saboda yawan jama'a.

Gidajen suna buɗewa da misalin ƙarfe tara na safe. Ka kasance a ƙofa kafin nan, don zuwa hantsi manyan motocin ƴan yawon buɗe ido sun fara sauke mutane. Hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne, ranakun nan an fi cika. Cikin azumi kuma akan tashi da wuri. Game da yanayi, daga Yuni zuwa Agusta akwai zafi, amma ɗan Nijar ba zai ji tsoronsa ba. Abin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne sanyin Disamba da Janairu, sai ka tanadi rigar sanyi.

Hanya da harshe

Hanya mafi araha ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira metro. Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, kana fitowa ga gidan tarihi nan. Ɗaliban da ke zaune a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, sai su hau a Abbasiyya, su canza layi a Ataba, su sauka a Sadat. Mai zuwa Fusɗaɗ zai bi layin Hilwan ya sauka a Mar Girgis, kusa da masallacin Amru, daga nan ya ɗauki takisi. Mai zuwa sabon gida zai sauka a tashar Giza ya ƙarasa da mota. Ƴan uwa mata, a kowane jirgi akwai taragun da aka keɓe muku.

Larabcin da muke koya a aji za a gane shi, amma amsar da za a ba ka da na kasuwa za ta zo. Mutanen Alƙahira suna furta jimun kamar "ga", ƙaf kuma su mai da shi hamza. Shi ya sa Jiza ta zama Giza. Ka riƙe sunayen nan uku don direba: na Tahrir shi ne Al-Mat'haful Misri, na Fusɗaɗ Mat'haful Hadara, na Giza Al-Mat'haful Kabir. In ka ce "mat'haf" kawai ka yi shiru, duk inda ya kai ka kai ka jawo. Ku yi ciniki kafin ka shiga mota, ko ka ce a kunna mita. Matambayi ba ya ɓata.

Ladabin cikin gida

A ƙofa za a bincike jakarka, don haka kar ka ɗauki wuƙa, almakashi ko babban kaya. Ka sa takalmin da ba ya cizo, ka ci abinci kafin ka shiga, ka riƙe gorar ruwa. Ba a taɓa kaya, ko da dutse ne, domin maiƙon hannu yana ɓata shi in aka yi ta taɓawa. Ana barin ɗaukar hoto da salula a yawancin ɗakuna amma ban da walƙiya, inda aka hana kuma ka mai da ita aljihu. Bayanan da ke jikin kaya da Larabci da Ingilishi suke, a Tahrir wasu tsofaffin har da Faransanci, ka ga mu nan mun samu riba biyu.

In ƙungiya ce za ku je, ku naɗa shugaba, ku sa wurin haɗuwa da lokaci, kowa ya riƙe lambar ɗan uwansa. Ku raba aiki: wannan ya bi kayan noma, wancan rubutu, waccan kayan ado. Da yamma kowa ya ba sauran labari. A bakin ƙofa za ku haɗu da masu cewa su ƴan jagora ne. Jagora na gaskiya yana da katin izini, ku nemi gani, ku kuma daidaita kuɗi tun farko. Masu tallan "kayan da" a titi kuwa, na jiya ne aka ƙera, in ma na gaske ne, fita da shi daga ƙasar babban laifi ne a dokar Masar.

Shawarata ta ƙarshe a nan: kar zinariya ta ɗauke maka ido ka manta da talakawa. Ka nemi ɗakunan da aka ajiye fartanya da lauje, dutsen niƙa, kwanduna da tabarmi, takalman kaba, tandun kwalli, mataji, da ƙananan siffofin katako na masu tuya da masu ƙidayar shanu. Yayana ya ce a nan ya fi daɗewa, don sai ya ga kamar kayan ɗakin kakarmu ne aka kwaso. Waɗannan mutanen su suka yi noman, su suka ja duwatsun, amma sunan sarki kaɗai aka sassaƙa.

Mu fara daga gida

Ba kowa ne cikinmu zai je Masar ba, amma kallon kayan tarihi abu ne da ake koya, kuma ana iya fara koyonsa a nan. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda muke ce wa Muze, ya tafi da kaye da bik. Ya zaɓi abu biyar, ya rubuta sunan kowanne, da inda aka samo shi, da abin da aka yi shi da shi, da amfaninsa ga masu shi. Wanda ya saba da wannan a gida, ranar da ya tsaya gaban allon Narmar ba zai tsaya yana zare ido ba.

Yayana dai ya koma, a karo na biyu da shirinsa: ya tambaya, ya karanta, ya ɗauki katinsa, ya nufi Fusɗaɗ kai tsaye. Ya ce ya daɗe tsaye a gaban Ramsis bai ce uffan ba, daga nan ya fito ya nufi masallaci. Ku ƴan ajin ƙarshe masu shirin tafiya, ku adana wannan shafi, in kun je ku dawo mana da labarin abin da ya canza, a sa a littafin baɗi.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya. Wassalamu alaikum.